Jar Saniya a Jikin Kwali

Dogon Gawo, Sae Sabuwa
Farkon Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin kaka da ya kwantar da matata Safina kwana biyu, amma ta miƙe. An buɗe lakol, ajina ya cika har wasu suna zama a ƙasa.

Na san kiran waya ba ya yi miki amfani tun da sanƙarau ya taɓa kunnenki, saƙon rubutu kuma ba ya fita daga garin nan sai an hau tudu an yi ta ɗaga hannu. Shi ya sa na koma ga takarda. Haidar mai kabu-kabu zai kai ta tashar Maraɗi, Sule direba ya kawo miki Agiye.

Ga abin da ke tafe da ni. Bana yaran ruga sun shigo ajina, cikinsu har da Fati da Nasiru, 'ya'yan Kawu Jaye, ƙanen Innarki. In an fita shan iska, yaran gari gefe guda, yaran ruga gefe guda. Na yi faɗa, na yi lallashi, ba su haɗu ba. Sai na ce bari in ƙirƙiro musu wasa na kati wanda ba ya yiwuwa sai da ɓangare biyu. Kada ki ce na koma ɗan karta. Na je wurin liman na yi masa bayani, ya ce in dai ba a ajiye komai a ci ba, kuma yara za su koyi karatu, ba laifi.

Na sa masa suna Burtali. Ɗaya manomi ne, ɗaya makiyayi. Kowa yana riƙe da kati biyar, sauran a kife a tsakiya. Manomi yana son ya cika rumbu: ya ajiye gona, ya ajiye ruwan sama, ya ajiye girbi. Makiyayi yana son ya kai shanunsa rijiya: sai ya jera katin burtali ɗaya bayan ɗaya, shanu su bi ta kai. Akwai katunan masifa, fari da fara da ɓarna. In aka jefa wa makiyayi katin ɓarna, saniya guda ta koma hannun manomi. Akwai kuma katin taki, wanda in ya fito kowa ya ƙaru. Kowane zagaye sai a yi musaya, manomi ya zama makiyayi.

Abin da ban iya ba shi ne zane. Saniyar da na zana, Safina ta ce kare ne da ƙaho. Ke kuwa rabin shagunan Agiye ke kika zana musu allo. Ga kwalayen sukari nan na yanka daidai tafin hannu, tare da jerin katunan da yawan kowanne. Ki yi mini zanen kawai, kada ki rubuta komai a ƙasa, ni zan rubuta da manyan baƙaƙe don masu koyon karatu. Shanun kuma ki zana irin na Kawu Jaye, jajaye masu dogon ƙaho, ba irin na littafin karatu da yaran nan ba su taɓa gani ba.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Naki,
Faruku

*

Agiye
Tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Mushe Faruku, malamin lakol, sarkin karta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. A duba mini Safina, ka ce ta daina wanki da rana tsaka.

Ga katunanka nan cikin leda, na naɗe su da tsumma don kada kayan Sule su lanƙwasa su. Kwalin da ka aiko rabinsa ba ya shan launi, ɓangaren mai sheƙi ne, sai na goge shi da yashi mai laushi tukuna. Bayan katunan kuma duk na liƙa musu takarda iri ɗaya. Kai ba ka lura ba, wani yana da hoton sukari a baya, wani ba shi da shi. Yaro mai wayo kwana ɗaya zai haddace wanne ne wanne.

Kafin in aiko sai da muka gwada, ni da Inna da maƙwabciyarmu. Wasanka yana da daɗi amma yana da matsala. Katin fari ya yi yawa. Duk sa'ad da Inna ta kusa cika rumbu sai fari ya faɗo mata, har ta watsar da katunan ta ce ita ta ga fari na gaske sau uku a rayuwarta, ba za ta zauna a kan tabarma ta sake ganin na kwali ba. Na rage biyu, na mai da su ruwan sama. Sannan katin taki guda ɗaya tak ka sa, mun yi zagaye huɗu bai fito ba. Na ƙara ɗaya. In ba ka yarda ba ka mayar, amma ka san na fi ka gaskiya.

Shanun su suka fi ɗaukar mini lokaci, su kuma na fi jin daɗi. Ina zana su ina tuna rugar Kawu, lokacin da Inna take kai ni can hutu, kafin ciwon nan. Kiran da yake yi musu da yamma yana cikin abubuwan da har yanzu nake ji a kaina sarai. Bara ma da na je suna, na zauna a bakin garke har rana ta faɗi. Na yi su yadda ka ce, na Kawu.

Ka rufe kowanne da salatif bayan ka yi rubutun, hannun yara ba ya rabo da maiƙo. Ka ba ni labari.

Taubashiyarka,
Asiya

*

Dogon Gawo
Ƙarshen Oktoba

Asiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kaya sun iso lafiya, Safina ta warware sarai, tana gaishe ku.

Kin yi aiki. Da na baje katunan a kan tebur, yara suka taso suka zagaye su. Gyaranki duka na bar shi, har na taki, kada ki yi ta yi mini gori.

Ranar farko ba wanda ya yarda ya zama makiyayi cikin yaran gari, sai na ce to ni ne. Fati ta zama manomi ta cinye ni sau biyu a jere, ajin ya ɗauki dariya. Washegari ana rububin zama. Yanzu in an fita shan iska, tabarma ɗaya ake zagayewa. Na ji da kunnena Nasiru yana koya wa wani ɗan gidan Malam Sabi'u yadda ake ɓoye katin burtali sai ƙarshe. Wasu da ba su iya haɗa baƙi biyu ba, yau suna karanta rijiya da rumbu ba gargada.

Abu ɗaya: kin manta ba ki zana katin ɓarna ba. Ba komai, na ga shanun sun isa, sai na zaɓi wadda ta sunkuyar da kai tana ci, mai karyayyen ƙaho, na ƙara ganyen wake a bakinta da koren fensir, na rubuta ƁARNA a ƙasa. Ta dace sosai. Ita yara suka fi tsoro a wasan, in ta fito sai ka ji ihu.

Ana ta roron wake a nan. Shanu suna ta matsowa daga arewa, amma ba a saki gonaki ba tukuna.

Faruku

*

Agiye
Farkon Nuwamba

Faruku,

Muna lafiya. Ina rubuta wannan a tsaye, Sule yana loda kaya.

Ban manta da katin ɓarna ba. Da gangan na ƙi zana shi, na ɗauka za ka yi shi da rubutu kawai. Laifina ne da ban faɗa ba.

Ka cire katin nan yau. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ba ƙirƙirar ta na yi ba, Woɗe ce, wadda Kawu ya fi so a garkensa. Ka ce in zana na Kawu Jaye, na zana na Kawu Jaye. Kowace da kamanninta. Ka dubi kunnenta na dama, za ka ga yanka biyu, shaidar gidansu ce. Kai ɗan birni ba za ka gani ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar garinku zai gane ta. Ciyawar burtali na zana tana ci, ba waken kowa ba.

Ka ƙona shi ko ka aiko mini da shi. Kada ya kwana a hannun yara. Sauran shanun ma ka tattara su, zan sake wasu marasa shaida.

Asiya

*

Dogon Gawo
Nuwamba

Asiya,

Ina fatan kuna lafiya. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙata ta ƙarshe. Haidar ya ce bai ga Sule a tasha ba, wai motarsa ta lalace a hanya. Wannan zan ba wani direba. Mu jikinmu lafiya, amma gari ba lafiya.

An wayi gari shanu sun shiga gonar Malam Sabi'u sun cinye waken da ya tara bai kwashe ba. Ba kaɗan ba, kusan duka. Dattijon ya tsaya a bakin gonar yana duban abin da ya rage. Sawun ya nufi gabas, amma gabas ruga ta fi biyar, ga baƙin shanu masu wucewa. Ba wanda ya san na wa ne.

Ashe ƙaramin ɗan Malam Sabi'u ya saka katin ɓarna a aljihu ya tafi da shi gida. Babban wansa Iro ya gani. Ya ɗauka ya fita da shi dandali yana nuna wa mutane: ga kunne, ga ƙaho, ga wake a baki, ga rubutun Mushe. Kafin azahar magana ta zama wai na taɓa kama saniyar Jaye a gona, na zana ta don in ajiye shaida. Asiya, me ke kunnen saniyar nan? Kowa ya duba sai ya ce ta Jaye ce. Ni na ce ki zana irin nasa, launi da ƙaho, ban ce ki ɗauko saniyar mutum ki sa a kwali ba.

Samari suka tafi rijiya, suka tarar matar Kawu tana shayarwa, suka janye saniyar da igiya suka ɗaure ta a ƙofar mai gari. Na bi su ina cewa wasan yara ne, Iro ya juyo ya ce, “Mushe, kai ka rubuta ko ba kai ba?” Na ce ni ne. Ya ce, “To ya isa.”

Da la'asar Kawu Jaye ya shigo gari da sandarsa, mutum shida a bayansa. Arɗo ne ya sha gabansu ya riƙe masa riga. Mai gari ya kira jandarma. Da suka zo suka raba taron, suka ce a nuna musu katin. Kawu ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, “Wannan hannun ɗiyar Adda ne.” Kin san Adda yake ce wa Inna. Babban jandarman ya ce ba zai bar shi a garin nan ba, ganinsa kawai yana tada hankali. Sun tafi da shi Gidan Rumji, sai ranar da za a zauna.

Yaran ruga ba wanda ya sake zuwa lakol. Direktan lakol ya ce in kulle sauran katunan. Zan sake rubuto miki.

Faruku

*

Agiye
Nuwamba

Faruku,

Ba ni da doguwar gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni.

Na rubuto maka ka cire katin nan. Ko ba ta iso ba, ko ta iso ka ajiye, ban sani ba. Yanzu kana tambayata me ke kunnen saniya. Ni na sa mata wake a baki? Ni na rubuta kalmar? Na ba ka saniya tana kiwo, ka mai da ita ɓarauniya da koren fensir.

An tafi da Kawu Gidan Rumji, ka rubuta shi a layi ɗaya kamar labarin farashin gero. A kulle yake? An buge shi? Wa ke kai masa abinci? Mutumin da bai taɓa kwana a ɗaki mai ƙofa ba. Kana da ƙafa, kana da Haidar, me ya hana ka bin su?

Na yi niyyar ɓoye wa Inna, amma ta ga fuskata ta tsare ni sai na karanta mata. Ta ce in maimaita wurin da ya ce hannun ɗiyar Adda ne. Na maimaita. Tun daga nan ba ta yi mini magana ba. Ba faɗa take yi ba, ta dai daina juyowa ta fuskance ni, kuma ka san in ban ga bakin mutum ba, ban san me yake cewa ba. Gida ɗaya muke amma kamar ni kaɗai. Ta ɗaure kayanta ta ce ranar kasuwa za ta hau mota zuwa Gidan Rumji da wannan ƙafar. Yayana Kamal ya turo mini saƙo daga Gazawa yana cewa zai tara 'yan uwa su zo Dogon Gawo. Na roƙe shi da rubutu ya dakata. Ban san kwana nawa zai saurare ni ba.

In ana bukatar wanda zai ce shi ya zana, ni ce. Ka faɗa musu. Zan zo in tsaya gaban kowa.

Ka amsa mini ta hannun duk wanda ka samu.

Asiya

*

Dogon Gawo
Nuwamba

Asiya,

Kawu Jaye ba a kulle yake ba, ba a taɓa shi ba. Katin jandarma suka tafi da shi Gidan Rumji, ba shi ba. Ki karanta wa Inna wannan kafin komai. Na hau tudu na samu Kamal a waya na faɗa masa, ya ce zai bugo wa maƙwabciyarku ta sanar da Inna, ina fatan saƙon ya riga takardar nan. Na sake tuna yadda na rubuta, na ga inda kika fahimta haka. Ki yafe mini.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon tana cikin motar Sule duk tsawon lokacin da take garejin Cadawa. Na karanta ta a tsaye a bakin aji, inda kika ce kada katin ya kwana a hannun yara. Na kasa shiga, sai da direkta ya leƙo. Abin da na faɗa a kan zanenki na janye. Waken da kalmar nawa ne.

An zauna a ƙofar mai gari, da arɗo da liman da jandarma biyu. Na ce ni na yi wasan, ni na rubuta, kuma na rubuta tun ba a fara roron waken Malam Sabi'u ba. Iro ya ce wa ya shaida. Sai liman ya ce shi ya gani a hannun jikokinsa tun kafin abin ya faru. Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce ita ma, har ta taɓa ƙwace shi a hannun jikanta don ya ƙi cin tuwo. Wasu suka yi dariya, Kawu bai yi ba.

Malam Sabi'u ne ya kashe maganar. Ya ce, “Ni wake na rasa, ban rasa hankali ba. Ban ga saniyar Jaye a gonata ba, ɗana ma bai gani ba. A kwance ta.” Iro ya buɗe baki, uban ya ce masa ya je ya kwance da hannunsa. Ya je. Har yau ba a san shanun da suka ci waken ba, arɗo da sarkin noma suna bin sawu.

Amma akwai abin da ban sani ba sai a wurin. Woɗe tana da ɗan maraƙi sabon haihuwa. Duk kwanakin da take ɗaure, shi yana ruga. Sun gwada shi da wata saniya ya ƙi kamawa, sun ba shi da ƙoƙo ya yi ta zawo. Kawu ya aika a roƙa a bari a kawo shi wurin uwar, samarin da ke gadi suka ce dabara ce. Ya mutu kwana ɗaya kafin zaman. Da aka kwance ta ba ta tsaya an ja ta ba, ta kama hanyar ruga da gudu tana kuka, nono yana zuba. Duk wanda ke wurin ya san abin da za ta tarar.

Malam Sabi'u ya ce a yi maganar maraƙin. Kawu ya ce ba yau ba. Jandarma suka miƙa mini katin, Kawu ya miƙo hannu, na ba shi. Ya sa a aljihu ya tafi, bai dube ni ba.

Na je rugar washegari. Matarsa ta kawo mini ruwa ta ce ya fita kiwo. Ina hango shi a gindin gawo. Na jima a zaune, na taso.

Yara bakwai har yanzu ba su dawo ba. Sauran katunan suna cikin akwatina. Ban san ko in ƙona su ba.

Faruku

*

Agiye
Ƙarshen Nuwamba

Faruku,

Muna lafiya. Saƙon Kamal ya tarar da Inna a tasha, har ta zauna a mota. Ta dawo gida ta kwanta yini guda. Yanzu tana yi mini magana, kaɗan-kaɗan. Labarin maraƙin ya sa ta kuka fiye da na farkon. Ta ce uwar Woɗe daga cikin shanun mahaifinsu ita da Kawu take.

Ni ma na yi maka magana mai zafi, ka yi haƙuri. Amma ban iya barci sosai ba. Na ɗauki fensir sau biyu don aikin wani mai shago, na ajiye.

Kada ka ƙona komai tukuna. Ka koma rugar. In ya ƙi ganinka ka sake komawa. Ka ce masa ɗiyar Adda tana tambaya ko ta zo, ko kada ta zo. Duk wanda ya faɗa, ka rubuto mini shi yadda ya faɗa, kada ka gyara.

Asiya

*

Rugar Jaye
Disamba

Asiya, wannan ba wasiƙata ba ce. Zuwana na huɗu Kawu ya ce in zauna in fito da takarda. Ga maganarsa. Faruku.

Asiya, ɗiyar Adda, ina gaishe ki. Ina gaida Adda da ƙafarta. Mu lafiya, shanu lafiya. Woɗe ta daina kuka, tana ci.

Kin ce ki zo ko kada ki zo. Yaushe kika fara tambaya? Ki zo.

Ranar da aka nuna mini kwalin nan na gane hannunki. Ba wanda ya san ƙahon nan haka sai wanda ya zauna kusa da ita. Zuciyata ta ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce yarinyar da na ɗora a kafaɗa ita ta kai ni dandali. Daga baya na duba da kyau, na ga koren da ke bakinta ba irin sauran launin ba ne. Hannun wanda bai iya ba ne. Mushe, rubuta haka, kada ka tsallake.

Maraƙi ya tafi. Sabi'u ya zo nan da kansa, da ɗansa a baya. Mun yi magana, abin da muka yi tsakaninmu ne.

Fati ta dame ni da maganar lakol. Na ce ta nuna mini wasan nan da ya jawo mini wannan. Ta zana shi a ƙasa, ta sa tsakuwa da kara, muka yi ni da ita har shanu suka dawo. Na gane shi. Ba mugun wasa ba ne. Amma wanda ya yi shi daga cikin gari yake kallon daji.

A wasan nan saniya tana cin gona. Gaskiya ne, tana ci. To ina katin da gona ke cin burtali? Hanyar da ubana ya bi da shanu hamsin kafaɗa da kafaɗa, yau sai mu jera su ɗaya bayan ɗaya, gero yana shafar cikinsu hagu da dama. Kowace damina garma tana ƙara taku ɗaya. Ba wanda ya taɓa ɗaure gona a ƙofar mai gari. In yaran gari za su koyi karanta ɓarna, su koyi karanta ta duka biyu.

Ki zana mini wannan. Gona ta shigo hanya, shanu sun tsaya ba wurin wucewa. In aka jefa wa manomi shi, dami ɗaya ya fita daga rumbunsa. Kada ki sa itacen da wani zai gane, kada ki sa shingen kowa. Shanun ma ki sake su, ki bar kunnuwansu lafiya.

Na faɗa wa Mushe, ranar da katin nan ya shiga wasa, ranar yara za su koma. Ya ce iyayen gari ba za su so shi ba. Na ce ni ma ban so nawa ba. Sai ya ce zai kai wa liman da Sabi'u su gani tukuna, in sun ƙi zai sake komawa. Na ce ya iya komawa, na shaida.

Ki taho da shi da kanki, ki taho da Adda in ƙafar ta yarda. Kalmar da za a sa a ƙasa Mushe zai rubuta, amma ina tsaye a kansa.

Kawunki,
Jaye